SAYEN MOTAR ALFARMA TA HANNU: YADDA AKE TABBATAR DA KAYAN DA TA FITO DA SU DAGA MASANA'ANTA

Gabatarwa

A shekarar 1975, lokacin da masana'antar harhaɗa motocin Peugeot ta fara aiki a Kaduna, ta Volkswagen kuma a Ikko, watau Legas, ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ya tashi sayen mota yakan nufi wakilin kamfani ne, a miƙa masa sabuwa fil tare da takardunta. Tun daga 1986, sa'ad da darajar Naira ta soma faɗuwa, sabuwar mota ta yi ta nesa da aljihun jama'a, sai kasuwa ta koma hannun motocin da aka riga aka hau a Turai da Amurka, waɗanda ake kira Tokumbo, ko 'yan Beljiyam, ko 'yan Kwatano. Cikinsu har da motocin alfarma irin su Mercedes-Benz, wadda aka fi sani da Marsandi, da BMW, da Lexus, da Audi, da Range Rover.

Kuɗin motar alfarma bai tsaya ga sunanta kaɗai ba. Ana iya ajiye motoci biyu masu suna ɗaya da fenti ɗaya, amma ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta kuɗi nesa ba kusa ba, saboda shekarar da aka ƙera ta da kuma kayan da masana'anta ta sa mata. A nan ne mai saye ke yawan yin hasara, domin yakan biya kuɗin abin da babu shi, ko kuwa abin da aka liƙa wa motar jiya a gareji. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa jama'a cewa tambarin da ke bayan mota da bakin dillali ba su isa hujja ba. Shaidu uku ne ke tabbatar da gaskiyar mota: lambar shasinta, da takardar masana'anta, da kuma gwajin ido da hannu. Sai bakinsu ya zo ɗaya sa'an nan a ƙirga kuɗi.

Kashe-kashen Kayan Mota

Kayan da ke jikin motar alfarma kashi uku ne. Na farko su ne waɗanda kowace mota ta wannan samfuri take fitowa da su. Na biyu su ne na zaɓi, waɗanda mai sayen farko ko wakilin kamfani ya nema, ya ƙara kuɗi aka sa a masana'anta, kamar rufin gilashi mai buɗewa, da kujerun fata masu hura iska, da kyamarar baya, da manyan lasifikoki, da shokazoba mai aiki da iska, da giyar da ke jan ƙafafu huɗu. Na uku su ne waɗanda aka ƙara bayan motar ta bar masana'anta.

Ƙara wa mota kaya ba laifi ba ne, muddin an faɗa wa mai saye. Sai dai kayan gareji ba su da darajar na masana'anta, kuma sau da yawa a wajen sa su akan yanke wayoyi, a yi haɗin da zai riƙa shanye batir ko ya jawo gobara. Haka nan kalmar "ful ofshin" da dillalai ke yawan faɗi ba ta da wata ma'ana tsayayya, domin da wuya a sami motar da ta haɗa dukkan kayan zaɓin da kamfani ya tanada. Idan an ce wa mai saye mota ful ofshin ce, ya nemi a lissafa masa kayan ɗaya bayan ɗaya.

Hanyoyin da Ake Ruɗin Mai Saye

Hanya ta farko ita ce liƙa tambari. Haruffan AMG, ko M, ko F Sport, ko 4MATIC ana sayar da su a kasuwannin kayan gyara, kuma liƙa su bai wuce aikin minti biyar ba.

Ta biyu ita ce canjin fuska. Akan ɗauki tsohuwar mota a sauya mata bamba, da fitilu, da ragar gaba, wani lokaci har da sitiyari da allon dashbod, ta koma kamar ta shekarun baya-bayan nan. Samfurin Toyota Land Cruiser da aka ƙera daga 2007 zuwa 2021, da Lexus LX 570, da Lexus RX 350 na 2010 zuwa 2015, suna cikin waɗanda aka fi yi wa wannan aiki, saboda ƙirar jikinsu ta daɗe ba ta sauya ba, fuska ce kawai kamfani ya riƙa gyarawa. A ɗauka wani ɗan kasuwa ya biya kuɗin RX 350 ta 2015, alhali ta 2010 ce aka yi wa kwalliya. Injinta, da giyarta, da robobinta duk sun girmi abin da ya zata da shekara biyar, kuma ranar da ya tashi sayarwa, mai saye mai wayo kuɗin 2010 zai taya.

Ta uku ita ce rage kaya. Akan cire jakar iska mai kare fasinja bayan ta fashe a haɗari, a toshe gurbinta. Akan cire shokazoba mai iska a sa sifirin na ƙarfe. Akan kuma sace matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, saboda ma'adinai masu tsada da ke cikinta.

Ta huɗu ita ce juya sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, don haka motar da ta dace da hanyoyin ƙasar ita ce mai sitiyari a hagu. Motocin da aka ƙera wa Ingila ko Japan sitiyarinsu a dama yake, kuma akan juya shi a gareji. Wannan aiki yana taɓa birki da sitiyari da wayoyin jakar iska, watau abubuwan da rai ya dogara a kansu.

Shaida ta Farko: Lambar Shasi

Kowace mota tana da lambar shasi, wadda a takardun ƙasashen waje ake rubutawa VIN. Tun daga motocin 1981 Amurka ta wajabta lambar ta zama mai gurbi 17, haɗin haruffa da alƙaluma, kuma manyan kamfanonin Turai ma suna bin wannan tsawo. Ba a amfani da haruffan I da O da Q a cikinta, don kada a ruɗe su da 1 da 0. Saboda haka duk takardar da ta nuna ɗaya daga cikin waɗannan haruffa uku, akwai kuskure ko jabu a cikinta.

Ana ganin lambar a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, da kan takardar da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba, sa'an nan an buga ta a ƙarfen jikin motar. A Marsandi da yawa tana ƙarƙashin kujerar gaba ta dama, a BMW da yawa kuwa tana cikin ɗakin injin. Wajibi ne mai saye ya kwafi lambar da hannunsa daga kowane wuri, ya gwada su da juna, ya kuma gwada su da takardun motar. Alamar walda, ko kankara, ko sabon fenti a kewayen lambar, dalili ne na fasa ciniki nan take.

Gurabe uku na farko suna nuna kamfani da ƙasar ƙira. Lambar da ta fara da W daga Jamus take, J daga Japan, 2 daga Kanada, 1 ko 4 ko 5 daga Amurka. Misali, WBA na BMW ne, WAU na Audi, SAL kuma na Land Rover da aka ƙera a Ingila. Abin lura a nan shi ne, BMW M3 ko M5 ta ainihi lambarta da WBS take farawa. Idan an ga tambarin M5 a bayan mota amma lambar ta fara da WBA, to, tambarin ado ne kawai.

A motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka da Kanada, gurbi na goma shi ke nuna shekarar samfuri. Alƙaluma 1 zuwa 9 suna nufin 2001 zuwa 2009. Daga nan haruffa suka karɓa: A ita ce 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, K 2019, L 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R 2024. Da ɗan kasuwar da aka yi misali da shi ya ƙirga zuwa gurbi na goma, da ya ga A a inda ya kamata ya ga F. Sai dai a yi wa mai sayarwa adalci: kamfanoni kan fara ƙera samfurin shekara tun cikin shekarar da ta gabace ta, don haka motar 2015 da takardar ƙofarta ta nuna watan Oktoba na 2014 ba ta da aibu.

Motocin da aka ƙera wa kasuwar Turai ba duka suke bin wannan tsari na shekara ba. A Marsandi ta kasuwar Turai, gurbi na goma gefen sitiyari yake nunawa: 1 na hagu ne, 2 na dama. Wanda ya ga 2 a wannan gurbi, ga kuma sitiyari a hagu, ya san an juya shi.

Shaida ta Biyu: Takardar Masana'anta

Kowane babban kamfani yana ajiye bayanin yadda ya ƙera kowace mota, ƙarƙashin lambar shasinta. Wannan bayani yana ɗauke da ranar ƙira, da irin injin, da launin fenti, da irin kujeru, da jerin kayan zaɓi, kowanne da lambarsa. Ana samunsa daga wakilin kamfani da aka amince da shi, ko daga shafukan intanet masu fassara lambar shasi. Na wakilin kamfani ya fi inganci.

A takardar Marsandi lambobin masu gurbi uku ne. Ga kaɗan daga cikinsu: 414 rufin gilashi mai buɗewa, 413 babban rufin gilashi mai kaiwa kujerun baya, 489 shokazoba mai iska, wanda kamfanin ke kira Airmatic, 401 kujerun gaba masu hura iska, 873 kujeru masu ɗumama jiki, 275 kujerar direba mai tuna zaman mai ita, 218 kyamarar baya, 889 buɗe ƙofa da tada inji ba tare da an sa makulli ba. Lambar kujeru kuma idan ta fara da 2 fata ce ta gaske, idan ta fara da 1 kuwa roba ce mai kama da fata. A takardar BMW, 403 rufin gilashi ne, 609 babban allon taswira, 610 na'urar da ke haska gudun mota a gilashin gaba, 337 kuma kayan adon M Sport, wanda bai mayar da mota M3 ko M5 ba. Audi da Volkswagen sukan manna jerin lambobinsu a cikin but kusa da mazaunin safayar taya, da kuma cikin littafin sabis.

Motar da aka sayar sabuwa a Amurka tana da wata takarda kuma. Wata doka ta 1958, wadda ɗan majalisar dattawa Mike Monroney ya gabatar, ta tilasta a manna wa kowace sabuwar mota takarda a gilashi mai nuna kayanta da farashin kowanne. Sau da yawa akan sami kwafinta ta hanyar lambar shasi.

Amfanin takardar masana'anta ta fuska biyu ne. Abin da ke jikin mota amma babu shi a takarda, ƙari ne na gareji. Abin da ke cikin takarda amma babu shi a jikin mota, an cire shi ke nan, sai a tambayi dalili.

Shaida ta Uku: Ido da Hannu

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Takarda tana faɗin abin da aka sa wa mota ranar ƙira, amma ba ta faɗin ko yana aiki yau. Ya kamata a duba mota da rana tsaka, tare da makanike da mai aikin waya waɗanda mai saye ya zo da su da kansa, ba waɗanda dillali ya kawo ba. A bi waɗannan matakai:

1. A murɗa makulli ba tare da tada inji ba. Fitilun gargaɗi na jakar iska, da na birki, da na inji su kama duka, sa'an nan su mutu bayan an tada. Fitilar da ba ta kama ba sam, ana iya zaton an kashe ta ne don ɓoye matsala.

2. A jona na'urar binciken kwamfuta. Tun daga 1996 kowace motar kasuwar Amurka tana da mahaɗa mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Na'urar tana karanto lambar shasin da ke cikin kwamfutar motar, tana kuma nuna sassan da suka daina amsawa.

3. A taɓa kowane maɓalli. A buɗe rufi a rufe shi har sau biyu, a duba ko akwai tabon ruwa a silin. A gwada kowace kujera, da kowane gilashi, da kowace lasifika, da sanyin baya.

4. A ɗaga motar a leƙa ƙarƙashinta. Lexus RX 350 mai jan ƙafafu huɗu tana da farfela mai tafiya zuwa ƙafafun baya. Marsandi mai 4MATIC ta gaske tana da sandunan da ke juya ƙafafun gaba. A duba salansa ko an yanka an yi walda.

5. Idan takarda ta nuna shokazoba mai iska, a danna maɓallin ɗaga mota a ga ta tashi. In da hali a bar ta ta kwana, domin wadda ke yoyon iska da safe akan tarar ta durƙusa ta gefe ɗaya.

6. A buɗe bonet. Injin Marsandi AMG mai lamba 63 mutum ɗaya ne ke harhaɗa shi a garin Affalterbach na Jamus, kuma akwai ɗan faranti a kansa mai ɗauke da sa hannunsa.

7. A duba ƙananan takardun lambar shasi da ake mannawa a ƙofofi, da bonet, da murfin but na motocin kasuwar Amurka da yawa. Sashen da babu takardar a kansa mai yiwuwa ne an sauya shi.

Mai saye ya kuma tambayi kansa ko kayan da ake yi masa kirari da su za su amfane shi. Taswirar Amurka da rediyon tauraron ɗan Adam na can ba su aiki a Nijeriya, kujera mai ɗumama jiki kuwa ba ta kai mai hura iska amfani a Sakkwato ko Fatakwal ba. Kowane ƙarin kaya ƙarin abin gyara ne.

Tarihin Mota da Takardun Kwastam

Motocin Amurka da yawa daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, bayan haɗari ko ambaliya. Guguwar Katrina ta 2005, da Sandy ta 2012, da Harvey ta 2017 sun nutsar da motoci masu ɗimbin yawa. Ruwa kuwa babban abokin gaban motar alfarma ne, domin kwamfutocinta da yawa a ƙarƙashin kujeru da darduma suke. Kamfanoni irin su Carfax da AutoCheck suna sayar da rahoton tarihin mota bisa lambar shasi, kuma sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo suna nan a intanet. Rahoton yana nuna nisan da motar ta yi a lokuta dabam-dabam, ta haka ake gane ko an mayar da agogonta baya. A tuna cewa agogon motar Amurka da mil yake ƙirga, mil ɗaya kuwa ya ɗan haura kilomita 1.6.

A watan Janairun 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, a 2022 kuma Hukumar Kwastam ta fara ƙiyasta harajin motocin hannu bisa lambar shasi. Lalle ne lambar shasi da shekarar da ke cikin takardar kwastam su dace da na jikin motar, kuma a tabbatar da sahihancin takardar a ofishin hukumar kafin a biya. Motar da ba a biya mata haraji daidai ba ana iya kama ta a hannun wanda ya saya, ko da bai san komai ba.

Ƙulla Ciniki

Ba a cinikin biri a sama. Kada a ba da kafin alƙalami a kan hoto ko alkawarin cewa mota tana cikin jirgi, sai an karɓi lambar shasi an bincika. Mai sayarwa na ƙwarai ba ya ƙin ba da lambar, ba ya kuma ƙin a kawo makanike. Idan an daidaita, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi, da lambar inji, da shekarar samfuri, da jerin kayan da aka ce na masana'anta ne, da waɗanda aka ƙara, kowa ya sa hannu a gaban shaidu, a karɓi rasit, a kuma yi canjin mallaka a ofishin lasin.

Dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta hana ɗan kasuwa siffanta haja da abin da ba shi ne ba, ta kuma kafa hukumar tarayya da ake kira FCCPC domin sauraron koke. Amma koke sai da hujja, hujjar kuwa ita ce abin da aka rubuta ranar ciniki.

Tambayoyin Bita

1. Gurabe nawa ne a lambar shasi, kuma waɗanne haruffa uku ne ba a sa wa a cikinta?
2. An ce motar kasuwar Amurka ta 2016 ce, amma gurbi na goma ya nuna B. Ta wace shekara ce?
3. Me ake fahimta idan takardar masana'anta ta nuna 489, amma aka tarar da sifirin na ƙarfe?
4. Don me ake son fitilar jakar iska ta kama kafin a tada inji?

Kammalawa

Kuɗin motar alfarma, ko da ta hannu ce, yakan zama gumin shekaru, wani ma fansho ne ko bashi. Binciken da aka bayyana a wannan darasi bai wuce aikin kwana ɗaya ko biyu ba, kuɗinsa kuma ɗan kaɗan ne idan aka gwada da hasarar da yake karewa. Wanda ya kwafi lamba, ya nemi takarda, ya gwada da hannunsa, ya san abin da ya saya, ya kuma tsare ran iyalin da zai ɗauka a ciki. Da na sani ƙeya ce. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.